Kafin ka kashe kuɗi a kan busta, duba tsohuwar rautar da ka jefa durowa

Yau magana ce a kan Wi-Fi na gida, kuma zan faɗi ra'ayina tun daga farko don kada mu ɓata wa juna lokaci: mafi yawan masu sayen 'yar na'urar nan da ake cusawa a soket, wadda ake kira busta ko rifita, asarar kuɗi suke yi. Abin da zai yi musu aikin, har ma ya fi ta, yana kwance a gidansu ya sha ƙura. Tsohuwar rauta ce, wadda aka ajiye lokacin da aka sauya layi ko aka sayi sabuwa. Ita da kebul mai kyau sun fi busta uku.

Matsalar kusan iri ɗaya ce ko'ina. Maigida ya sayi rauta mai sim, ya ajiye ta a falonsa. A falon sabis ya cika fal. Ka fita tsakar gida ya ragu. Ka shiga ɗakin uwargida ya koma sanda ɗaya. Ɗakin amarya da ke can ƙurya kuwa ko sunan Wi-Fi ɗin ba ya fitowa. Wanda bai zauna gidan mata biyu ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Na ga magidancin da ya zo shago ba don wayarsa ta lalace ba, sai don an fara cewa da gangan ya kai intanet sashen ɗaya ya hana ɗayar. Ya ce mini, “Malam, wanga abu ya hana ni barci, ko nawa ne a yi ya kai ko'ina.” Irin wannan mutum shi ne ake sayar wa busta cikin minti biyu, saboda a matse yake.

Laifin ba na rautar ba ne, gininmu ne. Siginar waɗannan na'urori ta fi sauƙin ratsa gidaje irin na Amurka, inda bangon cikin gida galibi katako ne da allo mai laushi. Mu kuwa gida ɗaya sassa ne daban-daban, kowanne da bangonsa. A tsohon gari, nan Birnin Kebbi ko Argungu, za ka tarar da katangar ƙasa mai kauri wadda in damina ta sauka take shan laima, kuma ruwa na daga cikin abubuwan da suka fi cinye siginar Wi-Fi. A sabbin unguwanni irin su Gesse da Badariya bulo ne da kankare mai rodi a ciki, ga ƙofofin ƙarfe, ga tagogi masu burgila, ga kwanon rufi, ga tankin ruwa a tsakar gida. Kowane ɗaya yana yanke rabonsa. Kafin sigina ta ratsa bango uku ta gama galabaita.

To me busta take yi? Tana sauraron rautarka, ta karɓi abin da ta ji, ta sake faɗa da ƙarfi. Shi ke nan. Ba ta ƙirƙiro intanet, ba ta ƙara gudun da kamfanin layinka ya ba ka. In abin da ya iso gare ta rarrauna ne, rarraunan za ta maimaita. Wannan ne ya sa mutum zai kai ta ɗakin da babu sabis ya jona, ya ga sanduna sun cika a waya, ya yi murna, sai ya buɗe YouTube abu ya yi ta juyawa. Sandunan da ka gani tsakanin wayarka ne da bustar, ba tsakanin bustar da intanet ba. Sannan masu arahar nan rediyo ɗaya gare su, da shi suke ji, da shi suke magana, ba sa iya yin biyun lokaci guda. Saboda haka gudun yana raguwa zuwa kusan rabi tun kafin a yi maganar bango.

Kebul ba ruwansa da bango. Kebul ɗin intanet, wanda masu saka kyamarar tsaro suke amfani da shi, yana ɗaukar saƙo har mita 100 ba tare da gudun ya faɗi ba. Gida nawa ne a garin nan da tsakanin falon maigida da ɗakin ƙarshe ya wuce mita 100? Ka ja shi daga babbar rauta zuwa sashen da babu sabis, ka jona tsohuwar rauta a can, ta zama sabon tushen Wi-Fi mai cikakken ƙarfi, kamar ka ɗauko babbar ka kai ta wurin. Wannan shi ne abin da nake kira gyara. Sauran duk lallaɓawa ne.

Yadda ake saita ta ba wani boka ake nema ba. Da wayarka ma za ka iya, ba sai da kwamfuta ba.

Fara da sanin adireshin babbar rautar. Yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta ko bayanta. Na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, na ZTE da TP-Link da Tenda sau da yawa 192.168.0.1, wasu kuma 192.168.1.1. Rubuta shi a takarda. Sai ka ɗauko tsohuwar, ka jona mata wuta, amma kada ka haɗa ta da babbar tukuna. Nemo ɗan ramin da aka rubuta Reset, ka sa allurar cire sim ka danne kamar daƙiƙa goma har fitilun su ɗauke su dawo. Yanzu ta manta da duk abin da aka taɓa saita mata, har kalmar sirrin da tsohon mai ita ya sa. Kashe datar wayarka, ka hau Wi-Fi ɗinta da sunan da ke jikin takardar, ka buɗe Chrome ka rubuta adireshinta. Kashe datar nan yana da muhimmanci, don waya in ta ga Wi-Fi babu intanet sai ta zame ta koma sim a ɓoye, kai kuma ka yi ta mamakin me ya hana shafin buɗewa.

In ka yi sa'a rautar irin su TP-Link WR840N ko WR841N ce ta baya-bayan nan, za ka ga wurin da aka rubuta Operation Mode. Zaɓi Access Point, ka ajiye, ta kashe kanta ta kunna, aiki ya kusa ƙarewa. In babu wannan zaɓi, abu biyu za ka yi da hannu, kuma a jere. Na farko, shiga wurin LAN ka sauya adireshinta ya zama ɗan gida ɗaya da babbar: lambobi ukun farko iri ɗaya, ta ƙarshe daban. In babbar 192.168.8.1 ce, ka ba ƙaramar 192.168.8.2. Yawancin rautoci daga 100 suke fara raba wa wayoyi lamba, don haka 2 ba ta cin karo da kowa, amma ka leƙa babbar ka tabbatar. Na biyu, ka sake shiga da sabon adireshin, ka saita suna da kalmar sirri, sannan a ƙarshe ka kashe DHCP. Shi DHCP shi ne mai raba wa kowace waya lambarta. Gida ɗaya ba ya ɗaukar masu rabo biyu. In ka bar su duka a kunne, wata waya za ta karɓi lamba daga ƙaramar, ta nuna ta haɗu amma babu intanet, wata kuma ta yi aiki lafiya, ka rasa gane kan abin. Dalilin da ya sa na ce shi ne na ƙarshe: da zarar ka kashe shi, wayarka ba za ta sake samun lamba daga ƙaramar ba sai an haɗa ta da babbar.

Daga nan sai kebul. Baki ɗaya a ramin LAN na babbar, ɗayan a ramin LAN na ƙaramar, ba ramin WAN ba, wanda galibi launinsa daban ne. A nan ne mutane da yawa suke kuskurewa.

Akwai tambayar da ake yawan yi mini: “Tawa ai ta wani kamfanin layi ce, a kulle take, sai an buɗe ta ko?” A'a. Kullen nan a kan sim yake kawai. Kai kuwa ba sim za ka sa mata ba. Muddin tana da ramin LAN kuma shafinta ya bar ka ka sauya adireshi ka kashe DHCP, za ta yi aikin, ko da tambarin wane kamfani ne a jikinta. Kada ka biya kowa kuɗin buɗewa a kan wannan. Akwai dai waɗanda kamfanin ya ɓoye waɗannan saituna, su sai haƙuri. Ƙaramar MiFi ta aljihu kuma galibi ba ta da ramin kebul, don haka ba ta cikin wannan lissafi.

Sai maganar suna. Masana da yawa za su ce ka ba rautocin biyu suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, don waya ta riƙa sauyawa da kanta in kana yawo a gida. A rubuce haka ne. A aikace, wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu suna da naci: waya ta kama babbar rauta a falo, ka tafi har ƙuryar gida kana tsaye kusa da ƙaramar, ita tana nan maƙale da ta farko da sanda ɗaya. In sunan ɗaya ne ba ka ma san wacce ta kama ba. Ni na fi son suna biyu, misali Gida da Gida2. Ranar da abu ya lalace, uwargida za ta iya ce maka “Gida2 ce ba ta yi”, ka san inda za ka duba ba tare da ka zagaye gidan ba. Wata fa'idar kuma, kowane sashe da kalmar sirrinsa.

Kada ka manta da tasha. A zangon 2.4, wanda shi ne tsofaffin rautoci suke da shi, tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Sa babbar a 1, ƙaramar a 6 ko 11. In dukansu suna kan tasha ɗaya kamar mutum biyu ne suke magana a lasifika lokaci guda.

Yanzu bari in faɗi abin da masu busta za su ce, don suna da hujjarsu. Za su ce kebul kuɗi ne, fasa bango ne, kuma mai gidan haya ba zai yarda ba. Gaskiya ne a wasu wuraren. Ɗalibin da ke haya kusa da Waziri Umaru ko a Kalgo ba zai huda bangon mutane don zangon karatu ɗaya ba. Wanda babbar na'urarsa MiFi ce shi ma ba shi da inda zai cusa kebul. Ga irin waɗannan, da babu gara ba daɗi. Amma ko a nan ɗin ma ba sai an sayi sabon abu ba, don tsofaffin TP-Link da Tenda da yawa suna da zaɓin Range Extender ko Universal Repeater ko WISP, wato su ma suna iya aikin bustar, kuma eriyarsu ta fi ta 'yar soket ɗin nan girma. Sirrin kawai wurin ajiyewa ne. Ba a kai ta ɗakin da sabis ya mutu. Ana ajiye ta a tsakiya, inda wayarka take ganin sanda uku, a sama, ta fuskar taga ko ƙofa, yadda za ta hango babbar ta kuma hango inda ake son kaiwa. In don WhatsApp da kiran murya ne, za ta wadatar. In mutum biyar za su hau TikTok da dare, za a ji jiki.

Za su kuma ce akwai na zamani da ake kira mesh, masu haɗa kansu da kansu. Suna da kyau, ban musa ba. In kana da kuɗinsu ka saya. Amma saitin guda biyu ko uku ya ninka kuɗin kebul sau da yawa, kuma su ma in bango ya yi kauri sai an haɗa su da kebul suke nuna ƙarfinsu. Masu Starlink, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023, su lura: rautar da ta zo da tsohon samfurin mai faranti mai kusurwa huɗu ba ta da ramin kebul sai ka sayi adaftarsa daban, sabon samfurin ne yake da ramuka a baya. Akwai kuma wata na'ura mai bi ta wayar wutar gida. Wannan ban ba kowa shawararta a nan ba. Gidan da wani sashe yake kan sola, wani kan janareta, wani kan mita daban, ba za ta tsinana komai ba.

A kan kebul ɗin kansa zan ɗan tsaya, don a nan ake cutar mutane. Akwai Cat5e, akwai Cat6, kowanne ya isa, tunda tsofaffin rautocin nan ramukansu megabit 100 ne iyakarsu, kuma hakan ya wuce abin da 4G yake kawowa yawancin gidaje. Abin dubawa shi ne cikinsa. Kasuwa ta cika da wanda aka rubuta Cat6 a kwali amma cikinsa alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka fere bakin waya ɗaya ka kankare da reza: in ka ga fari ya fito, ba jan ƙarfe ba ne zalla. Irin wannan yana karyewa da an lanƙwasa shi, kuma a doguwar tafiya yana ba da matsala. Araha ba ta ado. Ka auna tsawon da igiya ta hanyar da zai bi, ba a miƙe ba, ka ƙara mita biyar, ka sa mai kyamarar tsaro ya matse maka kawunan ya gwada a gabanka. In ba ka samu mai kyau a nan ba, masu zuwa sari Farm Centre a Kano suna iya taho maka da shi.

Kuma kada ka rataya shi a sama daga wannan rufi zuwa wancan kamar igiyar shanya. Abu biyu ne za su same shi. Ranar Birnin Kebbi a watan Afrilu da Mayu za ta gasa robar har ta farfashe. Sannan da hadarin farko na damina, doguwar waya a sararin sama tana jawo ƙarfin tsawa, ba sai ta faɗo a kanta ba, ko kusa ta sauka ya isa ya ƙone ramukan rautocin biyu. Ka zura shi a bututun roba irin na masu wayarin, ka bi da shi gindin bango ko ka binne, wannan zai kuma kare shi daga ɓera. In hadari ya haɗu sosai, zare kebul ɗin daga baki ɗaya, daƙiƙa biyu ne.

Zafi ma abin lura ne. A takardar yawancin rautocin gida an rubuta digiri 40 ne iyakar zafin da za su yi aiki a ciki. Mu nan a bazara inuwa ma tana wuce 40. Don haka masu cusa rauta cikin silin a ƙarƙashin kwano don kada yara su taɓa, gasa ta suke yi. Alamarta ita ce da safe lafiya, da azahar ta fara yankewa, da dare ta dawo. A kafa ta a bango, sama da tsayin mutum, inda iska ke wucewa, ba bayan talabijin ba, ba kan firij ba, ba kuma a lulluɓe da ƙyalle don ƙurar hunturu ba. Ƙura a hure ta.

Sai wuta. Ƙaramar rauta irin WR841N bolt 9 take ci da am 0.6, wato wat biyar da ɗan kai, ko ƙwan fitila bai kai ba. Na sim ɗin galibi bolt 12 ne. Matsalar ita ce tsohuwar rauta ba kasafai ake samunta da cajarta ba, sai mutum ya ɗauko ta dikoda ko ta wani abu don bakin ya shiga. Bakin shiga ba shi ne daidai ba. Karanta jikin rautar: bolt dole ya zama daidai cif, am kuma daidai ko fiye. Ka sa 12 a mai 9, wataƙila ta yi kwana biyu, wataƙila ka ji ƙauri nan take. In an ɗauke wuta kuma akwai 'yar igiyar da ke ɗaga bolt 5 na fawa bank zuwa 9 ko 12, akwai kuma ƙaramin batirin rauta mai ramuka da yawa. Ka tuna yanzu na'ura biyu gare ka. In babbar tana kan sola, ƙaramar tana kan wutar gari, to duk lokacin da aka ɗauke wuta sashen can ya koma duhu, rigimar da ka gudu ta dawo.

Wasu suna cewa ai tsohuwar waya ma tana yi, ka haɗa ta da Wi-Fi ka kunna hotspot ta raba. Wasu wayoyin suna iyawa, musamman manyan Samsung. Amma a matsayina na wanda yake buɗe waya kullum, ina roƙonku kada ku mai da wannan tsarin dindindin. Waya a jone da caja dare da rana, hotspot a kunne, a zafin nan namu, batirinta kumbura yake yi har ya ɗaga sikirin. Haka batirin MiFi da ake bari a caji kullum. Kumburarren batiri a ɗakin da yara suke kwana ba abin wasa ba ne.

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika faɗa ba, kuma a wurina ya fi duk saitin muhimmanci. Ranar da Wi-Fi ya kai ko'ina a gidanka, datarka za ta fara ƙarewa da wuri. Ba rautar ce take sha ba. Da can waya uku ke hawa, yanzu goma sha biyu. Kuma waya in ta ga Wi-Fi ɗauka take kyauta ne: Play Store ya fara sabunta manhajoji, Google Photos ya fara kwashe hotuna da bidiyon biki yana turawa sama, WhatsApp ya sauke duk abin da aka tura a guruf, YouTube ya ɗaga tsabtar hoto da kansa. Awa ɗaya ta bidiyo mai tsabta tana iya cin gig guda ko fiye. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowa ya san yadda data ta koma. Waɗanda ake kira marasa iyaka ma yawancinsu suna da ƙa'ida, in ka kai wani adadi sai gudun ya faɗi. Don haka ka bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya, ka shiga saitin Wi-Fi ɗin, ka nemi inda aka rubuta Metered ka zaɓa. Wannan yana gaya wa wayar cewa datar nan ta kuɗi ce, ta kama kanta.

In ƙaramar rautar shagon samari za ta je, wanda ke ƙofar gida, to ni ba na ma saita ta kamar yadda na faɗa a sama. Ina barinta a matsayin rauta, DHCP a kunne, in sa kebul a ramin WAN, in ba ta adireshi na wani gida daban kamar 192.168.5.1. Dalili shi ne a haka ne wurin Bandwidth Control yake aiki, ka iya yanke wa shagon gaba ɗaya iyakar gudu, su yi kallon ƙwallonsu ba tare da sun shaƙe sauran gidan ba. Abin da ka rasa kaɗan ne, wayoyin cikin gida ba za su ga na'urorin da ke shagon kai tsaye ba, wanda yawancin mutane ba su ma buƙata.

Shagon samari kuwa ƙofa ce ta unguwa. Tun daga Android 10, duk wanda ya hau Wi-Fi yana iya fito da hoton QR wani ya ɗauka ya hau, ba sai ya san kalmar sirri ba. Ka ba ɗanka, ya ba abokinsa, kafin sati majalisar ƙofar gida duka tana kanka. Toshe mutum da lambar MAC ma ya rage ƙarfi, don wayoyin yanzu suna iya sauya lambar. Abin da ke aiki shi ne wanda na faɗa: kalmar sirri daban ga wannan rautar, a riƙa sauya ta lokaci-lokaci ba tare da an taɓa ta cikin gida ba. A zaɓi WPA2, kada a zaɓi WEP, wannan an daɗe da fasa shi. In rautar ta tsufa har ba ta da WPA2, wannan kam a bar ta a durowar. A kuma kashe WPS. Tun 2011 aka gano raunin lambarsa, kuma manhajojin da yara suke sauke wa da sunan satar Wi-Fi galibi ta nan suke bi.

Kada ka ce ai data ce kawai, sadaka ce. Sim ɗin da ke cikin babbar rauta da NIN ɗinka aka yi masa rajista. Duk abin da wani ya aikata ta layin, damfara ce ko barazana, in aka bi sawu sunanka za a fara tararwa, kai za ka yi bayani. Abu na biyu ya fi wannan kusa. Shafin rauta mai sim yana nuna saƙonnin tes da suka shigo layin, wasu ma ana danna lambobin USSD daga ciki. In kalmar shiga shafin tana nan admin kamar yadda ta zo daga kamfani, duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka, har wanda ya hau ta ƙaramar rautar, yana iya buɗe shafin babbar ya karanta. Ka yi tunanin layin da ka sa a ciki shi ne wanda bankinka yake turo wa lambar OTP. Mutane da yawa suna cire babban layinsu su sa a rauta saboda shi ne yake samun garaɓasar data. Kada ka yi. Layin rauta ya zama na rauta kawai, ba banki, ba WhatsApp, ba Opay. Kalmar shiga shafin kuma daban take da kalmar Wi-Fi, mutane suna haɗa su. Ka sauya ta a rautocin biyu, ka rubuta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, don in ka manta sai riset, ka sake komai daga farko.

In ka gama haɗawa, ga yadda za ka gane ko ya yi. Tsaya kusa da babbar ka buɗe fast.com ka ga lamba. Je kusa da ƙaramar, ka hau sunanta, ka sake gwadawa. In da kebul ne ya kamata lambobin su yi kusa da juna. In na biyun ya tsaya ƙasa da 10 alhali na farko ya wuce haka sosai, ka fara zargin kan kebul ɗin, wataƙila waya ɗaya daga cikin takwas ɗin ba ta matsu ba. In kuwa dukansu biyu ƙasa suke, to matsalar ba cikin gidanka take ba, sabis ɗin da ke shigowa ne. Wannan sai ka ɗaga babbar zuwa taga mai fuskantar eriyar kamfanin, ko ka gwada wani layin, don layin da ke gudu a Rafin Atiku ba lallai ya yi gudu a Gwadangaji ba. Tunda yanzu akwai kebul, babbar ba dole ta zauna falo ba. Kai ta duk inda sabis ya fi ƙarfi a gidan, ko da ɗakin ajiya ne, ƙaramar ta riƙe wurin da mutane suke zama.